Sojan da Ya Zuba Bindigarsa a Bokiti

Kofur, ka ce maƙiya ne suka kayar da kai a jarrabawa? To gyara zama. An yi wani soja, shekararsa tara a bariki ba igiya ko ɗaya a hannun rigarsa, waɗanda ya koya wa fareti har sun fara ba shi oda. Jarrabawarsa ita ce a ɗaure masa ido da ƙyalle, ya kwance bindiga mai jigida ya mayar da ita cikin minti uku. Dama biyu ake bayarwa, wanda ya faɗi duka shi da igiya sai dai hange. Shi kuwa ya saba jera ƙarafan bindigar a kan bargo daga dama zuwa hagu, yana mayarwa bi da bi. Ranar gwaji yana gama jerawa, sai saje mai jarrabawa ya sa sanda ya hautsina su. Wayyo! Mutuminka ya yi ta lalube kamar mai neman allura cikin dusa, har usur na cikar lokaci ya tashi. Abokai suka yi masa caa da jaje: sajen mugu ne, ba ɗan garinku ba ne, ƙila ma asiri aka yi maka. Ya ji daɗin maganar, ba ƙarya, amma ya ƙi ta. Ya ce jeri ya haddace, amma bai san ƙarafan kansu ba.

Wata huɗu yana zuba ƙarafan a bokiti, ya girgiza, ya rufe ido, ya zaro ɗaya ya faɗi sunansa. Ƙarfe ya yayyanka masa yatsu, 'yan ɗakinsu suka sa masa suna Mai Bokiti, ya yi kunnen uwar shegu da su. Ranar dama ta biyu sajen nan dai aka turo, ya sake hautsinawa, har da shure wani ƙarfe ƙarƙashin benci. Sojan ya lalubo shi da ƙafa, ya haɗa bindigar tsaf, usur bai tashi ba. Sai ga masu jajen jiya suna cewa ai sa'a ce, tauraronsa ne ya haska. Nan fa ransa ya ɓaci. Ya buɗe musu tafukansa masu tabo ya ce, “Da na faɗi kun ce ba ni ba ne, yau na ci kun ce ba ni ba ne. Wallahi duka biyun nawa ne, ba mai ƙwace min ko ɗaya!”

Kai ma tashi ka nemo bokitinka, Kofur. Hausawa sun ce, in ka ji wane, ba banza ba.