Tsohon Maƙeri da Mai Tura Gado

Ƙanena, na ji kana cewa aikin da ka samu a asibiti ba wani aiki ba ne, turin marasa lafiya kawai daga wannan ɗaki zuwa wancan. To, zauna in ba ka wani misali.

A wani asibiti an taɓa kwantar da wani tsohon maƙeri da ƙaba ta matsa wa, har likita ya ce in ba a yi masa aiki a makon ba, hanjinsa na iya murɗewa. Tsohon nan ya shekara hamsin yana kama jan ƙarfe da awartaki bai taɓa ja da baya ba, amma da ya ji za a yi masa allurar barci sai tsoro ya kama shi, don wansa ma haka aka shiga da shi ɗakin tiyata bai fito da rai ba. Likita ya zana masa hoton ciki a takarda ya yi bayani, 'ya'yansa suka roƙa, amma sau biyu ana kai shi bakin ɗakin tiyata yana sauka daga gado, yana neman takalminsa. A karo na uku sai turin ya faɗo kan wani mai tura gado, mutum mai faɗin kafaɗa da ya daɗe a aikin, wanda ya san duk inda siminti ya fashe a barandar har yakan sassauta kafin taya ta taka wurin. Da ya ɗora tsohon, ya ga yadda ya damƙe ƙarfen gadon har jijiyoyin hannunsa sun fito. Sai ya je ya raɗa wa nas wata magana, ta duba agogo, ta ce ta ba shi minti biyar.

Maimakon ya miƙe zuwa tiyata, sai ya karya kwana ya shiga ɗakin waɗanda aka riga aka yi wa aiki, ya tsayar da gadon kusa da wani dattijo mai sayar da goro. Dattijon yana zaune da kofin koko, yana ta faɗa da matarsa wai ta tsuga ruwa da yawa, kokon ba kauri. Mai turin ya ce, “Baba, ka ga wannan? Shekaranjiya ni na kai shi, yana kuka yana bar mini wasiyya. Ni kuma na dawo da shi.” Mai goro ya ajiye kofi, ya ɗaga riga ya nuna filasta a mararsa, ya ce, “Malam, ƙarya yake, ban yi kuka ba, ƙura ce ta shiga mini ido! Amma wallahi barci ne mai daɗi, rabona da irinsa tun ina saurayi.” Ɗakin ya kaure da dariya. Maƙeri ya miƙa hannu ya taɓa gefen filastar, ya daɗe yana kallon mutumin, sannan ya saki ƙarfen gadon, ya gyara kwanciya, ya ce, “Ɗana, mu je, kada likita ya gaji da jira.” Kafin la'asar mai turin ya dawo da shi, aka ajiye shi a gadon da ke jikin na mai goro. Da ya buɗe ido ya ga 'ya'yansa sun kewaye shi suna hamdala, abin da ya fara tambaya shi ne yaushe za a ba shi koko.

Likita fa gaskiya ya faɗa masa tun ranar farko, bai rage komai ba. Amma wanda ke riƙe da kan gado shi ya san wa ya kai jiya da yadda ya dawo, shi ya sa ya iya nuna wa tsoho abin da baki ya kasa. Hausawa dai sun riga sun faɗa: gani ya kori ji.