Rigar da Tela Ya Farke

Muryar ta zo daga bakin ƙofa, tela ya ƙi ɗago kai.

Wata uku ke nan da ya farke duk rigunan da ke shagonsa, yana neman na'urar da ya rantse an ɗinke a ciki don a saurare shi. Har rigar maƙwabcinsa mai kanti ya sa wa almakashi a jikinsa, a tsakiyar titi, 'ya'yan mutumin suna kallo.

Yanzu yana shan magani, ya dawo aiki, amma ba mai kawo ɗinki. Likita ta ce ƙwaƙwalwa kan ƙirƙiri murya ta miƙa wa kunne. Shi ya sa duk abin da ya ji, sai ya saci kallon matarsa: in ta waiwaya, gaskiya ne. Yau kuwa ta tafi kasuwa.

"Maigida, ana magana fa!" Muryar mai kanti ce sak.

Ya ƙara taka keken ɗinki ba ko ƙyalle. Me zai kawo mutumin da ya tozarta? Ciwon ne ya dawo, ya ari muryar da ya fi jin kunya.

Sai wani abu ya faɗo kan keken. Rigar ce, a farke.

"Kai ka ɓarka ta," in ji mai kanti, yana jawo kujera. "Wa kake so ya ɗinke min?"

Sau uku zare yana kuskure allura, don idanun tela sun cika da ƙwalla. Mai kanti ya karɓa ya zura masa.