A Ƙofar Gwaggo

Ina yarinya Inna ta kai ni birnin Lyon na Faransa gaida dangin mahaifinta, kwamandan Faransa da ya haife ta a Damagaram ya tafi. Ƙanwarsa, tsohuwa mai hanci irin na Inna, ta tare mu a ƙofa.

Inna ta durƙusa, ta miƙa tsarabar kilishi. "Gwaggo, ni ce ɗiyar Hadiza."

Tsohuwar ba ta karɓa ba. Ta ce da Faransanci, "Mai wankin yayana? Ai ba mu taɓa tambayar sunanta ba."

Kakata Hadiza ɗiyar masu rini ce, ina iya jera kakanninta har wanda ya haƙa marinar unguwarsu. Na zaga ƙasashe, na ga wulaƙanci iri-iri, amma ban sake ganin an bar mutum a durƙushe haka ba.