Ranar da Kaka ta ajiye mazari

A Tebaram ne, shekarun da malamai ke yawan yajin aiki. Wata la'asar Baba ya kira ni bakin rumbu, ya ce, "Kai da ke raka Hadiza lakkwal, da wa take tsayawa a hanya?"

Ni da kullum iyakata gindin magarya, ba na ƙarasawa makarantar bokon, ina zan sani?

Ashe Gwaggo ce ta kai masa magana, wai Yaya Hadiza ta fara al'ada, sai jinin ya ɗauke watanni. Baba ya rantse ta bar lakkwal ke nan.

Kaka, tsohuwar ungozoma, ta ajiye mazarinta, ta dubi Baba. "Kai, Illa, ruwan farko in ya sauka ya ɗauke, ka taɓa zargin gonarka? Haka jikin yarinya yake, sannu a hankali yake daidaita. Ni na duba ta. Gobe da ƙafata zan kai ta."

Ta kai ta kuwa, kunnena a ɗaya hannun.

Ni dai har yau sunana da ƙyar nake rubutawa. Amma ɗiyana mata uku, kuma a gidana ba mai cire yarinya daga aji don al'adarta ta yi jinkiri.