Ungozomar da Ta Haɗiye Amsarta

Ku matso kusa, dukanku. Mudi, kife wayar nan a kan tabarma, ba guduwa za ta yi ba. Hansatu, tsintar shinkafar nan ta isa haka. Ni ban shiga aji ba, amma kunnena bai taɓa zuwa hutu ba, kuma akwai maganar da nake so ku auna mini.

An yi wata ungozoma a wani ƙaramin asibitin karkara. Mace ce mai hannu, mai natsuwa, 'yar gidan da ba a ɗaga ido a kalli babba. Sai aka buɗe wata dama ta ƙarin karatu a ƙasar waje, gurbi ɗaya tak aka ba yankinsu, kuma kowa ya san ita ta fi dacewa da shi. Sharaɗin dai shi ne ta ci jarrabawar Turanci ta baki: a zaunar da kai gaban mai jarrabawa, ya tambayi ra'ayinka a kan wani abu, ka faɗa, ka kuma tsaya ka kare shi. Turanci kuwa ba ya ba ta tsoro. Tana tuƙa tuwo tana yi ita kaɗai, tana wanke hannu a asibiti tana yi, har yaranta suka fara kwaikwayonta suna dariya.

Ranar jarrabawa ta shiga ɗakin ta tarar da wani dattijo, kai fari fat da furfura, sa'an mahaifinta, tabarau a kan karan hanci. Sai da ta rusuna ta gaishe shi kafin ta zauna. Ya tambaye ta, a ganinta wanne ya fi, mace ta haihu a gida ko a asibiti. To ai fagenta aka shigo. Ta ce asibiti, ta shiga kawo hujja: jini in ya ɓalle ba ya jiran a nemo mota, yaro in ya zo a gicciye ba jiƙon da zai juya shi. Turanci na zuba kamar an kwance famfo, dattijo na gyaɗa kai. Can sai ya cire tabarau ya ce, "Ni ban yarda ba. Mahaifiyata a ɗakinta ta haife mu duka, kuma lafiya lau. Kina nufin kuskure ta yi ke nan?"

Amsar tana nan a bakinta da ɗuminta. Ta tuna matar da aka taɓa kawo mata a amalanke, zani jiƙe sharkaf da jini, wadda ta cika a bakin ƙofa tun ba a sauke ta ba. Amma ta ina za ta fara? Dattijo ne, kuma uwarsa ya ambata. Tun tana ƙarama aka hore ta cewa in babba ya ce bai yarda ba, magana ta ƙare, balle a dubi mai furfura a ce uwarsa ba ta yi daidai ba. Sai ta sunkuyar da kai, ta ce da Turancinta mai kyau, "Haka ne, Baba, kana da gaskiya." Dattijo ya dakata, alƙalami a sama, ya sake buɗe mata ƙofa: "To, kin sauya ra'ayi ke nan?" Ta ce, "Kai ne babba, ka fi ni sanin duniya." Ya ɗan jira ko za ta ƙara. Ta ci gaba da kallon ƙafafunta. Ya mayar da tabarau, ya rubuta abin da zai rubuta.

Ta fito hankalinta kwance, a ganinta ta yi Turanci, ta kuma fita kunyar dattijo. Da sakamako ya fito, makinta na magana bai kai ba. Gurbin ya tafi wurin wata abokiyar aikinta wadda Turancinta ke ɗingishi. Ungozoma ta danne zuciya ta je yi mata barka, ta tambaye ta yadda suka kaya da dattijon. Ashe ita ma ya ɗana mata tarkon nan, haka yake yi wa kowa, musun shi ne jarrabawar. Abokiyar aikin kuwa sai ta dube shi ta ce, "Baba, mahaifiyarka ba ta yi kuskure ba, Allah ne ya tsare ta. Amma ba kowace mace ke dacewa haka ba, ni na ga waɗanda ba su dace ba." Ba ta zage shi ba, kuma ba ta saki ra'ayinta ba. A nan ungozoma ta gane ashe akwai wata 'yar hanya tsakanin rashin kunya da haɗiye gaskiya, ita ce dai ba a taɓa nuna mata ba. Ta koma bakin aikinta. An ce har yau in babban likita ya yi kuskure a gabanta, ba ta iya cewa uffan, sai ya fita ta lallaɓa ta gyara.

Shi ya sa Hausawa suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bakinta ya koyi Turanci, amma da aka matsa ta, kukan gida ne ya fito. Ni dai ladabin da zai sa ka bar gaskiya ta faɗi ƙasa a gabanka, ban san sunan da zan ba shi ba. Ga 'ya'yanku nan suna tasowa, kullum ina jin ku, "Yi shiru, babba na magana." To ku yanke mini kafin kowa ya tashi daga tabarmar nan: wane kuka za ku koya musu?