Wanda Ya San Sunanta

"Malam, ka taɓa ganinta da idonka?" in ji maƙwabcinsa.

Tsohon malamin kimiyya ya dubi zanen da ya yi a ƙasa. Daminar 2003 ce, a Takur, lokacin da wasu gidaje suka fara korar masu ɗigon rigakafi. Ya gama bayyana wa majalisa cewa shan inna ba aikin aljana ba ne. Ƙwayar cuta ce, zare guda cikin ƙwanso mai fuska ashirin. Ya faɗi sunanta, ya jero danginta.

"Ban taɓa ba," ya amsa.

"Ashe kai ma ji ka yi! Mu Inna, kai ƙwanso."

Aka fashe da dariya. Kafin mako, majalisar ta koma gindin wata bishiya. Ya ci gaba da shimfiɗa tabarmar mutum shida, yana zama shi kaɗai.

Bayan girbi, da hantsi, matar maƙwabcin ta yi sallama, goye da 'yarta. Ƙafar hagun yarinyar tana reto.

"Baba, an ce ka san sunanta, har da na danginta." Ta durƙusa. "Bokan da na je wurinsa a garin Miga bai sani ba. Don Allah ka kira ta, ka ba ta haƙuri, ta sakar mini ƙafar nan."

Wata biyar babu wanda ya gaskata shi sai ita. Ya buɗe baki. Sunan yana nan daram a harshensa, amma ya san mai sunan ba ta da kunne.