Na Riga Na Sha

Tun da sanyi ya ja da baya, bishiyoyin bakin layin dogo suka fara toho, aka canza lokutan jirgin ƙasa. Yanzu minti biyu kacal yake tsayawa a tashar da wata budurwa take sayar da shayi, amma yakan yi ashirin a wadda ke kafin tata.

Jirgin safe na tsayawa ta miƙa wa saurayinta, mai duba tikiti, kofinsa kamar kullum. Ya kalli kofin, ya sosa ƙeya.

"Na riga na sha."

"A ina?"

"Waccan tashar. Kin san yanzu muna daɗewa a can."

Ta kafe shi da ido. Shekara biyu ke nan bai kai shayin kowa bakinsa ba sai nata.

"Mai shayin, namiji ne?"

Ya duba agogonsa. "Za mu tashi fa."

Ta zubar da shayin, ta garƙame shago, ta riga shi shiga jirgin.

"Ina kuma za ki?"

Ta zauna, ta harɗe ƙafa. "Yanka min tikiti, Malam, har ku juyo waccan tashar. Ni ma ina so in ɗanɗana."